Idon Dama na Innarka

Buza, bayan an shigar da hatsi rumbu

Magaji,

Sallama da fatan alheri daga gida. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin lafiya, ka huce gajiyar hanyar Yamai, ka fara sabawa da ruwan garin da mutanensa. Allah ya sa ka shiga aikin nan a sa'a, ya haɗa ka da shugabanni masu adalci, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki. Taubashina Sule, wanda ya koyar da yara a Keita har ya aje aiki, shi zai miƙa maka ita. Ka ba shi shayi, ka yi haƙuri da surutunsa.

Za ka yi mamakin samun takarda daga mutumin da kuka rabu da shi kwanan nan bai ce maka komai ba sai "Allah ya kiyaye hanya". Ka san dalili. Kai ne ɗan fari. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, innarka ma haka. Duk unguwa uwar Rabi ake ce mata, alhali Rabi ƙanwarka ce. Tun yaye kakarka ta ɗauke ka zuwa Allakaye, daga can lakkwal, wato makarantar boko, ta ɗauke ka zuwa Tawa, ba ka zauna tare da mu ba sai hutu. Na yi shekaru ina magana a radiyo mutane na saurare daga Madawa har Keita, amma zama da kai kan tabarma ɗaya in faɗi magana mai nauyi ya gagare ni. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ranar da kake ɗaure kaya na ji kana gaya wa Rabi cewa wurin aikinku akwai asiransin lafiya, wato inshora, hawa biyu. Na farko dole ne, kowane ma'aikaci na ciki. Na biyu ƙari ne ga wanda ya so, a riƙa cire wani abu daga albashinsa, kuma ana iya sa iyaye a ciki. Ka ce sai ƙarshen watan farko za ku sa hannu, kuma kai ba ka ga amfanin ƙarin ba. "Ni ko ciwon kai ba ni yi," in ji ka, "gara in tara in sayi moto," wato babur. Ina bayan zana ina alwala, na ji duka. Na gama alwalata na wuce masallaci ban tanka ba.

To ga abin da ya kamata in faɗa tun ranar. Idon dama na innarka yana tafiya, ta hanyar da na hagu ya bi. Likitan ido na Tawa ya ce hawan jinin ido ne, ya ce maganin ɗigawa iri ɗaya ya daina isa, sai an haɗa biyu ba fashi, ana auna idon a kai a kai, kuma mai yiwuwa sai an yi mata aiki a Yamai. Ita ta hana a gaya maka. Ni kuma ban san ko daidai nake yi da na karya maganarta ba. Ban ma san ko masu asiransinku za su karɓi mai ciwon da ya riga ya kama ta ba. Abubuwa da yawa ban sani ba cikin wannan magana, kuma ba zan yi maka kamar na sani ba. Abin da na sani shi ne yadda idon hagu ya tafi, domin a gabana ya tafi. Bari in ba ka labarin, kai ka auna.

Lokacin da nake aiki a Madawa, ma'aikata sun kafa mitiyel, wato asusun da kowa ke zuba wani abu duk wata domin a ɗauke wa wanda ciwo ya samu abin da takardar gwamnati ba ta ɗauka. Ni aka ba sanarwar da Faransanci, ni na mai da ita Hausa, ni na karanta ta a radiyo har na haddace. Na gaya wa mutane cewa rigakafi ya fi magani, da murya mai daɗi. Ban shiga ba. Na ce wa kaina ai ni ma'aikacin gwamnati ne, ina da takardar da ke ɗauke mini mafi yawan kuɗin awon lafiya da na gado a likita, wato asibiti, me zan yi da hula biyu a kai ɗaya?

Da na je Allakaye na kawo zancen gaban yayana Malam Illa, shi ma bai ƙarfafa mini gwiwa ba.

"Kai dai boko ya ɓata ka," in ji shi. "Wa ka biyan kuɗin ciwo tun bai zo ba? Kiran shi kake yi ke nan, har da ba shi goron gayyata."

Na ce, "Yaya, ai hatsi ma muna sa shi rumbu tun yunwa ba ta zo ba."

Ya ce, "Yunwa kowa ya san watan zuwanta. Ciwo na Allah na. In ya zo, mi ag amfanin dangi? Mun mutu ne?"

 Gaskiya ban nemi amsar da zan ba shi ba, domin maganarsa ta yi daidai da abin da aljihuna ke so. Wannan shi ne kuskurena na farko. Ban taɓa zama na tambayi inda takardar gwamnatin nan ta tsaya ba. Na san abin da take ɗauka, ban san abin da take bari ba. Sai ranar da likita ya duba innarka, ya rubuta ordonansi, wato takardar sayen magani, na je farmasi na miƙa takardata ta gwamnati da ƙarfin gwiwa, mai farmasin ta mayar mini da ita cikin ladabi ta ce wannan ba ta aiki a nan. Awon da aka yi sau ɗaya an ɗauke mini. Maganin da za a riƙa saye kowane wata har ƙarshen rai, wannan nawa ne.

Saboda haka, Magaji, duk takardar da aka ba ka aka ce ta rufa maka asiri, kada ka tsaya ga abin da ta rufe. Ka ja ta ka ga inda ƙafafunka ke fitowa. Ka tambayi mutanen biro ɗinku, wato ofis: magani na farmasi yana ciki? Na ido fa, da na haƙori, da tabarau? Ciwon da ba ya warkewa, sai dai a riƙa lallaɓa shi, yana ciki? In an tura mutum wani gari, wa ke ɗaukar aikin? Kada ka ji kunyar tambaya don kai sabo ne. Sabo ne ma ke da damar tambaya.

Kuskure na biyu ya fi na farko nauyi, kuma har yau in na tuna shi ban san wanda zan ɗora wa laifi ba. Likita ya ce kwalbar magani ɗaya ta wata ɗaya ce, a ɗiga safe da yamma a ido biyu. Watannin farko na riƙa saye. In babu a Buza, in ba direban Tawa saƙo. Daga baya sai na lura kwalbar tana jimawa. In na tambaya, innarka ta ce, "Da saura, Malam." Wata ya wuce, wani ya bi, "da saura". Ni mai karatu, na san kwalba ba ta haihuwa. Amma a lokacin ana biyan kuɗin karatunka, ga na Rabi, ga rufin ɗaki ya zube da damina. Duk ranar da ta ce da saura, sai in ji wani nauyi ya sauka daga kafaɗata, in ce madalla, in wuce. Ashe ta mai da shi sau ɗaya a rana, daga nan sai ranar da ta ji idon ya yi nauyi. Ta ga tana rage mini wahala. Ciwon kuwa ba ya zafi, ba ya ja, ba ya kumburi. Daga gefe yake cin gani, a hankali, kamar gara a cikin azara.

Ana cikin haka sai afolo ya shigo gari, ciwon idon nan mai ja da kwantsa da ke bin gida gida. Labari ya bazu cewa uwar Rabi na da maganin ido na Tawa, mai tsada. Wata rana da hantsi na dawo gida na iske mata zaune a inuwar ɗaki, kowace ta ɗaga kai sama, innarka na bin su da kwalba tana ɗiga musu. Maƙwabciyarmu Kuluwa har da goyonta.

Da suka watse na ce, "Uwar Rabi, wannan fa ba maganin afolo ba ne."

Ta ce, "To mi kake so in ce musu? Kuluwa ta zo da ido jawur ta ce in taimaka mata, in ce ba ni da shi? Ta gan shi bisa taga."

"Sai ki ce likita ya hana."

"In ce likita ya hana. Gobe in na aika neman gishiri ta ce likita ya hana. Malam, wuta da gishiri da magani ba a hana ma maƙwabci. Haka na taras ana yi gidanmu."

Ka ga inda na tsaya? Na san tana kuskure, amma na kasa cewa tarbiyyarta ce kuskure, domin saboda wannan halin nata na aure ta, kuma da shi muke zaune lafiya da unguwa. Na ce to a dai riƙa lura. Na shiga ɗaki. Kwalbar da ta yi watanni tana lallaɓawa ta ƙare cikin kwana kaɗan a idanun da ba su da buƙatarta. Ba ta gaya mini ta ƙare ba, don kada in ce ga abin da na faɗa. Ni kuma ban tambaya ba, don kada a ce mini ta ƙare.

Na sha tunani a kan wannan. Da ina cikin mitiyel ɗin nan, da kwalba na zuwa duk wata ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba, da ba ta da dalilin ja da ita. Da ko ta ɗiga wa duk matan Buza, wata na kamawa sabuwa za ta zo. Watau ba ciwon kaɗai asusun nan ke magani ba, har da kara. Mace irin innarka ba za ta taɓa cewa "a saya mini" ba in ta san daga bakin 'ya'yanta za a cire. Amma in an riga an biya, in rashin karɓa ne asara, za ta karɓa. Wannan ban gane shi ba sai da aka makara. Shawarata gare ka: in wanda kake ɗauke da nauyinsa ya ce maka "da saura", ka tashi ka duba da idonka. Mutanenmu ba su yi maka ƙarya don su cuce ka. Don su sauƙaƙa maka suke yi, kuma wannan ta fi wuyar kamawa.

Yadda muka gane idon ya tafi, ba wani abin mamaki ba ne. Tana tankaɗe, ƙaiƙayi ya faɗa mata a idon dama, ta rufe shi da hannu. Sai ta tsaya cik. Ta ce, "Malam, kana nan?" Ina tsaye gabanta, rana tsaka. Muka tafi Tawa. Likita ya auna, sa'an nan ya ce abin da wannan ciwo ya ci ba ya amayarwa, sai dai a tsare abin da ya rage. Bai yi mini faɗa ba. Ya dai tambaye ni aikina, na faɗa masa, ya ce, "To," ya ci gaba da rubutu.

Kai a lokacin kana shirin jarrabawa. Aka ce maka iska ce ta buge ta, ka yarda, don ba ka da dalilin ƙin yarda.

A nan ne dangi suka nuna Malam Illa bai yi ƙarya ba. An riƙe ta a likita na ɗan lokaci don a saukar da hawan jinin ɗayan idon, kuma duk Allakaye ta taso ta zo. Daga Sabon Gida 'yan'uwanta suka cika mota. Wani da kaza, wani da damin gero, wata da ƙwaryar fura, Malam Illa da kansa ya sayar da tunkiya ya danƙa mini kuɗin bai bari na yi godiya ba. Har masu gadi suka fara tambaya ko matar wani babba ce aka kwantar. Ba zan manta da wannan ba, kai ma kada ka manta.

Amma da muka koma gida, ta tashi tana shara tana daka, kowa ya ce alhamdu lillahi, uwar Rabi ta warke. Dubiya ta ƙare. Buƙatar kwalba kuwa ba ta ƙare ba, wata na kamawa ana son sabuwa. Wa zan je wa? In koma wurin mutumin da ya sayar da tunkiyarsa in ce masa kowane wata sai ya sayar da wata? Nan na gane kuskurena na uku. Na ɗora wa dangi kayan da ba irin nasu ba. Dangi na zuwa ga ciwon da ya kwantar da mutum. Ciwon da ke yawo da ƙafafunsa, yana zuwa kasuwa yana zuwa suna, ba shi da 'yan dubiya. Saboda haka kada ka bari wani ɗan birni ya ce maka zumunci ya zama tsohon yayi, ka riƙe shi da hannu biyu, ka je dubiya, ka sayar da taka tunkiyar in ta kama. Amma kada ka ce zumunci ya ishe ka. Shi yana ɗaukar dutse in ya faɗo. Tsakuwar da ke zubowa kullum, wannan sai an yi mata wani tanadi.

Bayan haka na je in shiga mitiyel ɗin. Aka karɓe ni da fara'a, aka ce akwai watannin jira kafin a fara ɗaukar sabon shiga, kuma ciwon da aka zo da shi sai kwamiti ya zauna a kansa. Kafin kwamiti ya gama zama na aje aiki, ƙa'ida ta sauya a kaina. Ban zarge su ba. In kowa zai jira sai rumbunsa ya kama wuta sa'an nan ya zo a raba asara da shi, asusun ba zai kai baɗi ba. Amma ka ga abin da ya sa nake tsoro game da naku. Ƙila su ma su ce haka.

Kada kuma ka ɗauka na ce maka abin nan ba shi da aibi. Sule, mai kawo maka takardar nan, tun ranar farko ya shiga, kuma har ya aje aiki bai taɓa kwana a likita ba. Duk haɗuwarmu sai ya taso da zancen.

"Bawana," in ji shi, "kai ne ka karanta muna sanarwa da muryar nan taka mai kama da ta ango, muka ruga muka shiga, kai ka laɓe. Shekara da shekaru ina biyan kuɗin ciwo, ciwo ya ƙi zuwa. Ku biya ni."

Na ce, "Ai ko ciwo yana zaɓen gidan da zai sauka. Ya leƙa naka ya ga ba abinci."

Ya ce, "Tabarau ɗaya na taɓa ci gare su. Shi ma kafin su maido mini kuɗina, idon ya ƙara lalacewa, sai da na sake wani."

Muka yi dariya. Amma da na tambaye shi tsakani da Allah ko yana nadama, ya daina dariya ya ce bai sani ba. Ya ce wani lokaci yana ganin asara ce, wani lokaci kuma in ya tuna cewa kuɗinsa ne suka yi wa matar wani malamin Keita aiki ta tashi, sai ya ga kamar sadaka ce da aka cire masa da ƙarfi, tun da shi da kansa ba zai bayar ba. Ka ji mutumin da ya shiga ke nan, shi ma bai gama ganewa ba. Na kuma ji labarin asusun da ya rushe don masu riƙonsa ba su da amana, mutane suka tashi ba tsuntsu ba tarko. Ta fuskar addini ma na tambaya. Wani malami ya ce mini in taimakekeniya ce tsakanin ma'aikata, kamar gayya ce, ba laifi. Wani ya ce in kamfani ne ke cin riba a kan abin da ba a san zai faru ko ba zai faru ba, akwai shubuha. Naku ban san wane iri ba ne. Ka bincika, ka tambayi malamin da ya san littafi kuma ya san yadda abin ke tafiya, kada ka tsaya ga wanda zai faɗa maka abin da aljihunka ke so, kamar yadda na yi.

Akwai kuma abin da ke damuna wanda ya fi waɗannan. Na zauna ina tambayar kaina, shin nasiha nake yi maka ko roƙo? In na ce ka shiga don amfanin kanka, gaskiya ne: kana da ƙarfi yau, ni ma ina da shi lokacin da na ƙi shiga, kuma za ka yi iyali, kuma irin wannan ciwon ido an ce yana bin jini, har likita ya ce 'ya'yanta su riƙa zuwa awo. Wannan ma ban gaya maka ba. Ka je a auna ka. Amma in na ce don kai kaɗai nake faɗa, na yi ƙarya. Ina so ka sa sunan innarka. Ina so albashin da ba ka ko karɓa ba tukuna ya gyara abin da nawa albashin ya kasa. Uba ba ya son rubuta wannan ga ɗansa, balle ɗan fari. Abin da nake samu na fansho da ɗan abin da gonar albasa ke kawowa suna sayen kwalba ɗaya ba fashi, wannan na ɗau alkawari kuma ina cikawa. Kwalba biyu da awo da aiki a Yamai sun fi ƙarfina, sai dai in sayar da gonar, kuma in na sayar ban san abin da zai sayi kwalbar baɗi ba.

Ba ka lura ba lokacin da kake gida, don tana da dabara. Ta san inda kowane abu yake. In za ta zuba maka ruwa, sai ta sa yatsa a bakin kofin. In mutum ya shigo, ba ta gaishe shi da suna sai ya yi magana. Ranar da za ka tafi, da ta tsaya a bakin zaure ta ƙi rakiya, ka ɗauka kunyar ɗan fari ce. Rabinta kunya ce. Rabin kuwa ba ta son ka ga yadda take taka hanyar tasha.

Wannan kunya ita ce kuskurena na ƙarshe, in kuskure ce. An rene mu a kan cewa ita ce mutunci, kuma ban ga laifinta ba a shekarun da ba a buƙatar magana. Amma ga shi ta sa uwa ta ɓoye wa ɗanta makanta, ta sa uba ya ji ɗansa zai yi irin kuskurensa ya wuce masallaci. Ban ce ka yar da ita ba. Ban san abin da zan ce ka yi da ita ba. In Allah ya ba ka ɗan fari, ƙila kai ka samo inda ake tsayawa.

Ga abin da nake so ka yi kafin ka sa hannu. Ka je wurin mai kula da wannan sha'ani, ka faɗa masa gaskiya: mahaifiyarka na da hawan jinin ido, ido ɗaya ya tafi, ana neman tsare ɗayan. Kada ka ɓoye, domin abin da aka shiga da ɓoyo ranar buƙata yake tonuwa. Ka tambaya ko suna karɓarta, ko akwai jira, ko magani na ciki, ko aikin ido na ciki, kuma ka ce a nuna maka a rubuce. In sun ce suna karɓa, ka auna da abin da za a cire maka, ka yanke da kanka. In sun ce ba su karɓa, ni dai ina ganin ka shiga don kanka da iyalin da za ka yi, mu kuma mu san yadda za mu yi da gonar. Moton ba zai gudu ba. In kuma ka duba ka ga duk abin bai yi maka ba, ba zan riƙe ka a zuciya ba, Allah ne shaida.

Ban so in aiko wannan a bayan idonta ba. Shekaranjiya da la'asar tana tsintar wake a faifai, da hannu take tsinta yanzu, na zauna nesa kaɗan na ce, "Uwar Rabi, zan rubuta ma yaron ga. Zan gaya mishi."

Hannunta ya tsaya. Ta ce, "Na ce kak ka aza ma ɗan mutane kaya. Ko albashin fari bai karɓa ba."

Na ce, "In ya ji daga baya, bayan ido ya tafi, mi za mu ce mishi?"

"Ka ce Allah ya kawo."

"Na farko mun ce haka."

 Na ce na ji irin wannan rajista ana neman ƙananan hotuna da kofi, wato kwafi, na katin ɗan ƙasa. Ta ce wake na jiran wuta, ta tashi.

Jiya ta ce Rabi ta raka ta kasuwa sayen kayan miya. Da suka dawo ina zaune ina wannan rubutu, ta aje ƙaramin ambulan a gefen tabarmata.

Na ce, "Mi ne ne wanga?"

Ta ce, "Hoto na. Na ga wanda ag gare ni ya tsufa."

"In sa cikin takardar?"

"Ni na ce ka sa? Ni dai na aje nan."

Ta juya, ta lalubi bakin ƙofa, ta fita.

Na daɗe ina juya ambulan ɗin. Shekarunmu da yawa tare, amma ban iya rantse maka cewa wannan amincewa ce ba. Ƙila ita ce. Ƙila kuma so take ka riƙe kamanninta tun tana iya sanin inda mai hoto yake tsaye. Na sa hotunan cikin takardar tare da kofin katinta. Ka ba biro abin da suka nema, ka riƙe ɗaya. In ka duba za ka ga ta ɗaura kallabinta na salla, kuma ta kalli gaba sosai ba ta sunkuyar da kai ba. Ban taɓa ganin ta dube ka haka ba.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka gama da mu lafiya. Ya tsare ka a zaune da tafe, ya ba ka lafiyar da ba za ka taɓa buƙatar abin da ka biya ba. Ya kuma bar wa innarka hasken da za ta gane ka da shi daga bakin zaure ranar da ka dawo, tun kafin ka yi sallama.

Mahaifinka